Samfurin Kawu Nababa

Duk Bakanon da ya sauka Guangzhou da samfur yake sauka. Wannan ba labari aka ba ni ba, sama da shekara goma ina zaune a unguwar Xiaobei ina aika wa mutane kayansu gida, idona ya ga abin da ya ishe shi. Ɗan kasuwa zai zo da takalmi wari ɗaya a leda, ya dangwara wa ɗan China a kan kanta ya ce "sem-sem", kafin ka ankara an buga masa irinsa sak, har da inda ɗinkin na asalin ya karkace. Na ga wadda ta zo da kaskon turaren wuta. Na ga wanda ya zo da maburgi. Akwai wani Alhaji da ya zo da buta mai fasasshen baki, ya manta bai ce a gyara ba, aka cika masa kwantena da butoci kowace bakinta a fashe. Ba ma jin yarensu, ba sa jin namu, samfur shi ne tafinta a tsakaninmu.

Don haka da Kawu Nababa ya bugo ya ce yana son zuwa, yana da ɗan samfur da yake so a buga masa, ko a raina ban kawo komai ba. Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi a Kano, a hannun matarsa Hajiya. Tsohon soja ne, ɗakin makamai ya riƙe har ya yi ritaya, yanzu kuma shi ne mai horarwa a wata ƙungiyar wasan harbi ta tsofaffin hafsoshi, masu haɗuwa ranar Asabar su harbi allo su yi ta musu a kan wa ya fi saiti. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hasiya, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Kamfanina ne ya gayyace shi, da sunana ya sami biza.

Washegarin saukarsa ina da kwantena da ake lodawa a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Na bar shi a masauki na ce ya huta, na cusa masa katunan ofishina a aljihu, ko da ya fita ya ɓata sai ya nuna wa mai tasi. Sai bayan azahar na dawo, na ɗauke shi muka hau bene gidan abincin Balkissa, wata 'yar Nijar da tuwonta ke sa mutum ya manta a China yake. Wurin cike yake da 'yan kasuwar Kwari ta Kano da 'yan Wambai, kowa na waya yana ihu kamar da kurma yake magana.

Mun yi rabin tuwo sai Kawu ya goge hannu, ya zaro hankici a ƙulle daga aljihun rigarsa. Ya kwance shi a hankali, da irin natsuwar mai kwance goron ɗaurin aure. Ya ɗauko abu biyu ya tsayar da su a kan tebur, tsakanin kwanon miya da kofin ruwa.

Harsashi ne. Guda biyu, suna sheƙi.

Loma ce a hannuna, ban san lokacin da ta koma cikin kwano ba.

"Kawu, meye wannan?"

"Samfurin ke nan."

"Na wasan yara ne?"

"Na wasan yara kamar yaya? In na wasan yara ne me zai kawo ni China? Masu rai ne, Uwata, da albarushinsu da komai."

Na zuba masa ido. Shi kuwa sai ya ɗauka sauraro nake, ya gyara zama, ya ɗaga siririn daga ciki da yatsa biyu.

"Kin ga wannan, shi muka sani tun fil'azal. Bindigoginmu na fili, irin masu ɗora wa kansu harsashi, kai dai ka ja kunama ɗaya bayan ɗaya, shi suke ci. Yana da gudu, yana tafiya a miƙe, kuma samunsa ba wuya. To wannan ɗan dukurkurin mai ƙaton kai sabon shiga ne. Kansa ya fi nauyi, a kusa ya fi bugu, ƙararsa kuma ba ta kai ta wancan ba, kin san kunnuwanmu duk sun tsufa. Amma da allo ya yi nisa sai ya fara sunkuyawa ƙasa, ga shi da tsada. Bindigar ɗaya ce, bututu kawai ake canja mata. Tun kafin azumi muke gardama a ƙungiya, wasu sun ce a koma masa, wasu sun ce kada a sake a gan shi a fili. Ni aka ɗora wa alhakin in auna in yanke."

"Kawu, don Allah ka..."

"Tsaya mana ki ji inda gizo ke saƙar. Dubi gindinsu. Iri ɗaya ne. Gidan harsashi ɗaya suke shiga. In mutum ya yi kuskure ya sa mai ƙaton kan a bindigar siririn, ya ja kunama, bindigar fashewa take a hannunsa. Haka ta faru da Mas'udu, mutumin da ya yi yaƙi ya dawo lafiya, ya zo ya bar yatsa biyu da ido ɗaya a filin wasa. A gabana aka yi. Shi ne na ce kafin a yanke komai, a buga mana na roba, irinsu sak, wannan ja wannan shuɗi, babu albarushi, kowa ya yi ta taɓawa har yatsunsa su san bambancin ko da idonsa a rufe. To wa zai buga sak in ba 'yan China ba?"

Wallahi niyyarsa mai kyau ce, ko a lokacin na san haka. Amma ni ba niyya nake kallo ba, kyamarar da ke saman ƙofa nake kallo, wadda ta zuba mana ido kamar mun ci mata bashi. Na fizgi murfin kwano na kifa a kan harsasan, har ya yi ƙara.

Kawu ya ɓata rai. "Ke lafiyarki? Za ki karce su."

"Kawu," na ce, "a ƙasar nan bindigar roba mai harba ƙwallo tana iya kai mutum kurkuku. Ta roba fa. Jirgin ƙasa ba ka shiga sai an haska jakarka. Ta yaya ma ka wuce filin jirgi da wannan?"

"A cikin yaji da daddawar da Hajiya ta ba ni in kawo miki. Na naɗe su a safa."

A cikin daddawata! Jiya-jiyan nan na karɓi ƙullin ina ta godiya, ina shinshinawa ina cewa ƙanshin gida. Ashe da ajalina aka haɗo shi. Yadda na'urorin filin jirgi biyu suka makance a kansa, wannan sai dai a bar wa Allah.

Mutanen teburin kusa sun riga sun gani. Ɗaya bayan ɗaya suka fara sulalewa, wani har ya bar ganda bai cinye ba, kuma duk wanda ya san Bakano da ganda ya san abin ya kai. Balkissa ta leƙo daga kicin, ta dafa ƙirji, ta koma.

Na fara lissafi da sauri. Kogi yana nan ba nisa. In muka ɗauki tasi, ba jirgin ƙasa ba, muka tsaya a kan gada kamar masu ɗaukar hoto, shi ke nan, ruwa ya ci. Na sunkuya na gaya masa haka a hankali.

Ya yi dariya, irin wadda babba ke yi wa yaro mai tsoron kyankyaso. "Uwata, kin daɗe a garin nan har tsoro ya shige ki. Ba wani abin tashin hankali ba ne. Yau da safe na nuna wa mutane da yawa, ba wanda ya ce mini kanzil. Meyo kawai suke cewa, meyo, meyo. Na gane babu ke nan."



"Ka nuna wa wa?"

"Masu shaguna mana. Da na ga zaman ya ishe ni sai na shiga dogon benen nan na kusa da ofishinki. Na bi hawa-hawa. Duk inda na ga kayan ƙarfe ko na roba sai in ajiye in ce sem-sem. Ba haka kuke yi ba? Wani ma mai kirki har hoto ya ɗauka da wayarsa, ina jin zai tambayo masana'anta."

"Hoto."

"Hoto. Na bar musu katinki, in sun samo su kira ki."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san a fili na faɗa ba sai da na ji ya amsa da cewa wa ya rasu. Katin nan akwai sunana, sunan kamfanina, lambar wayata, hawa da lambar ofis, da Turanci da rubutun China, don kada mai nema ya sha wahala. Takardar zamana a ƙasar nan a jikin kamfanin take rataye. Makarantar 'ya'yana a jikin takardar take rataye. Abin da na yi shekara goma ina ginawa, ina lallaɓa shi kamar ƙwai, Kawu ya bi shago-shago ya raba shi tare da harsashi kafin azahar.

Ina cikin wannan wayata ta yi ƙara. Liang ce, matar da muke ofis tare, ita ke riƙe mana harkar kwastan. Mace ce da ko gobara ake ba ta ɗaga murya, amma ranar sai da na janye wayar daga kunnena. Wani mai shago a hawa na huɗu na benen da Kawu ya shiga ya kira ofis yana tambayar wane ne tsohon nan baƙi mai yawo da harsashi. Masu kula da benen sun ji. Ta ce kada in jefar, kada in ɓoye, kada in koma ofis. In kama hannunsa yanzu-yanzu mu kai kanmu wurin 'yan sanda, domin wanda ya kai kansa daban, wanda aka zo aka ɗauka daban.

Na gaya wa Kawu. Fuskarsa ta canza, ya koma sojansa.

"In miƙa harsashi ga 'yan sandan wata ƙasa? Ni? Da sunana aka fitar da su daga ma'ajiyar ƙungiya, da hannuna zan mayar. Shekara talatin ina riƙe da ɗakin makamai, ko kwanso ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba."

Raina ya ɓaci, ɓaci mai tsanani. Da wani ne cikin 'yan kasuwar da nake wa aiki, da na wanke shi tas, na kira masa tasi. Amma wannan mutumin shi ya kai ni makaranta a kan kekensa. Ba a yi bakin da zan ɗaga masa murya da shi ba. Sai na sauka daga kujera na durƙusa a kan tayil ɗin Balkissa mai maiƙo, da leshina da komai.

"Kawu, ka yi wa Allah. In suka zo da kansu, kai kurkuku ne, ni kuma kora ce. Ka dubi yaran nan."

Ya daɗe yana kallon murfin kwanon. Sannan ya ɗaga shi, ya mayar da harsasan cikin hankici, ya ƙulle.

"Tashi, kada ki tara mini jama'a. Mu je. Ai ɗan sanda ko'ina ɗan sanda ne, na san yadda ake magana da su."

Da ƙafa muka tafi. Titin Xiaobei yana nan yadda yake kullum, masu tura kaya suna ƙara, masu gasa nama suna fifita wuta, 'yan canji suna raɗa. Ni kuwa kowane mai kaki na hango sai in sunkuyar da kai. Kawu yana gaba, ƙirji a buɗe, hannu yana lilo, sai ka ce faretin ranar 'yanci za shi.

A kan kantar ofishin 'yan sanda ya kwance hankicin. Ɗan sandan da ke zaune yana shan shayi ya leƙa, ya miƙe zumbur har kujerarsa ta faɗi. Kafin ƙiftawar ido wurin ya cika. Ba wanda ya taɓa mu, ba wanda ya zage mu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Aka sa safar hannu aka ɗauke harsasan. Aka karɓi fasfo ɗinmu da wayoyinmu. Aka kai shi wani ɗaki, ni wani.

Na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe. Ban sani ba, ban gani ba sai yau a kan tebur, da na gani na kawo shi. Jami'in da ke tambayata yana jin Turanci, mutum ne mai sanyin magana, kuma na ga alamar ya fara yarda. Har ya sa aka kawo mini ruwan zafi a kofin takarda. Na ce a raina, ƙila a tsaya a kan tsoho baƙo wanda bai san doka ba, baƙo ai ko da ido makaho ne.

Daga nan aka haɗa mu ɗaki ɗaya don a gwada maganganunmu. Kawu ya yi bayanin Mas'udu, da na roba ja da shuɗi, har yana nuna yadda bindiga ke fashewa da hannuwansa. Jami'in yana gyaɗa kai yana rubutu. Sai ya ɗago ya yi tambaya ɗaya. In an buga kayan, ta yaya za su isa Najeriya, kuma me ya sa katin wannan matar ya raba?

Kowa ya san yadda ake yi a gida. In ka shiga ofishin 'yan sanda, abu na farko ka nuna kana da mutane, ka ambaci babban da ke bayanka, ka kambama shi, sai a sassauta maka a kawo maka kujera. Kawu ya duba duk faɗin China, ba shi da wani babba sai ni.

Ya miƙe tsaye. Ya nuna ni da hannu. Da Turancinsa na bariki, mai ƙarfi, wanda ba ya buƙatar tafinta, ya ce wannan da kuke gani ba ƙaramar mace ba ce. Kwantena take fitarwa daga ƙasar nan kowane mako. Duk Kano an san ta. Ba abin da za ka ba ta ta kasa shigar da shi Najeriya, komai ne kuwa. Kwastan na nan da na can duk ta san su, suna jin maganarta. Ya ce shi bai damu da yadda kaya za su isa ba, tunda yana da ita.

Na ce, "Kawu!" da Hausa. Ya ɗaga mini hannu, wai in bari ya gama.

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yabe ni ba. Irin mutanen da ne, yabon ɗanka a gabansa abin kunya ne. Na ci jarrabawa ya ce to. Na buɗe kamfani ya ce Allah ya sa albarka, ya ci gaba da jin rediyonsa. Ashe duk yana nan a cikinsa, ya tara shi shekara da shekaru, bai tashi zazzage shi ba sai a gaban jami'in China mai biro a hannu. Idonsa har ƙyalli yake don alfahari. Ni kuma ina kallon biron yana gudu a kan takarda, ina jin kowace kalma tana sauka a kaina. Na rasa kuka zan yi ko daɗi zan ji, sai na yi kukan.

Jami'in bai ƙara kallona da irin idon ɗazu ba. Ya sa aka fita da Kawu, ya jawo kujerarsa kusa, muka koma farko.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Aka tsare Kawu. Aka dakatar da kwantenata a Huangpu, aka sauke ta kaf, aka farke kowane kwali, atamfa da takalma da kayan kicin na mutane a zube a ƙasa. Aka bi kwantenonin da suka riga suka tafi a takarda ɗaya bayan ɗaya. Ba a sami ko allura ba. Amma kafin a gama, labari ya riga ya isa Kwari, kuma a bakin mutanenmu harsashi biyu sun zama buhu biyu, kafin Juma'a sun zama kwantena. Masu ba ni kaya suka janye, har waɗanda nake biya wa kuɗin asibiti in sun kwanta a garin nan. Liang ta yi iya yinta, ta kai ni duk inda ake zuwa, ta yi magana har muryarta ta dushe. Ranar da aka kira ni aka mayar mini da fasfo, an soke takardar zamana. Ba a tuhume ni da komai ba. An dai ba ni ɗan lokaci in tattara nawa in bar ƙasar.

Shi kuma aka yanke za a sa shi a jirgi a mayar da shi gida, ba zai sake shigowa ba. Aka ba ni izini in kai masa jakarsa filin jirgi. Na kwana biyu ina shirya abin da zan gaya masa. Na tsara shi tsaf, da ladabi amma ba ragi, don ya san abin da ya yi.

Na same shi zaune tsakanin jami'ai biyu. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, rigar da ya shiga da ita ce a jikinsa. Hularsa ma ba ta zauna daidai ba. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin miƙewa, gwiwarsa ta ƙi, ya koma. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa jakar.

"Uwata," ya ce, "kin ga yadda Allah ya yi da ni. Tsufa ya zo mini da abin kunya." Ya murza hannun jakar. "Amma duk kwanakin nan abu ɗaya nake gode wa Allah a kansa. Da na ga ba a kawo ki inda nake ba, na san ke kin tsira. Na ce alhamdu lillahi, gara da na buɗe baki na gaya musu ko ke wace ce."

Duk abin da na shirya sai na haɗiye shi.

"Ka gaya musu, Kawu," na ce.

"To yaushe za ki leƙo gida? Ko sai babbar salla?"

"Ba zan kai salla ba. Ina nan tafe kwanan nan."

Fuskarsa ta washe, karon farko tun da na zo. "Madalla. Ki zo da yaran, Hajiya tana ta cigiyarsu. Ki ɗan daɗe mana wannan karon, kada ki yi irin zuwanki na kullum, kamar mai ɗibar wuta."

"Zan daɗe, Kawu."

Jami'in ya taɓa kafaɗarsa. Ya miƙe da ƙyar, ya rataya jakar, ya sa mini albarka, ya ce Allah ya ƙara buɗa kasuwa. Na ce amin.